Sojan da ke dukan matarsa: wane magani Amurka ta tanada?

Me ya sa sojoji ke da nasu shirin magance dukan mata daban?

Tsakanin Yuni da Yulin 2002, sojoji huɗu na sansanin Fort Bragg suka kashe matansu, uku daga cikinsu ba su daɗe da dawowa daga Afganistan ba. Lamarin ya girgiza rundunar. Wanda ya shafe watanni cikin shirin ko-ta-kwana yakan dawo gida da wannan halin. Matarsa ta yi jinkirin ɗaga waya, sai ya zargi cin amana. Ta ɗaga murya, sai jikinsa ya ɗauka hari ne.

Yaya ake yin maganin?

Fitaccen shirin shi ne Strength at Home, wanda masanin halayyar ɗan Adam Casey Taft da abokan aikinsa suka tsara a Boston. Zama 12 ne, sau ɗaya a mako, awa biyu, cikin ƙaramin rukuni na waɗanda suka yi aikin soja. Ana koya wa mutum gane alamun tafasar zuciya tun kafin hannu ya tashi, da ficewa daga ɗaki ya huce sannan ya dawo a yi magana, da binciken zargin da ke ransa kafin ya gaskata shi. Gwajin da aka wallafa a 2016 kan maza 135 ya nuna duka da cin mutunci sun ragu fiye da na waɗanda suka samu kulawar da aka saba.

Wannan ba nema wa mai laifi uzuri ba ne?

A'a, kuma a nan nake ganin ƙarfin shirin. Ana saurarar abin da yaƙi ya yi masa, amma ba a yarda ya ce "ita ta ja" ba. Dubban sojoji sun ga irin abin da ya gani ba su taɓa marin kowa ba.

Ita matar fa?

Ma'aikatan shirin kan tuntuɓe ta su ji halin da take ciki. Ƙarƙashin Family Advocacy Program, wani shirin ma'aikatar tsaro na kare iyalan sojoji daga cin zarafi, tana iya kai rahoto a asirce, ta samu likita da mai ba ta shawara ba tare da kwamandan mijin ya sani ba. Da yawa suna shiru ne don tsoron albashi da gidan bariki su tafi, shi ya sa aka tanadi tallafin wucin gadi ga iyalan sojan da aka kora saboda cin zarafinsu.

Shiga shirin na hana hukunci?

Ba ya hanawa. Dokar Lautenberg ta 1996 ta haramta riƙe bindiga ga wanda kotu ta samu da laifin dukan iyali, har da soja. Tun 2019 kuma dokar sojan Amurka ta ware wa laifin sashensa na musamman.