Sayarwa sama da sari ba shi ne riba ba

Jama'a akwai maganar da muka taso muna ji a kasuwa, wai in dai ka sayar da kaya sama da yadda ka saro to ka ci riba. Da yawa daga cikinmu haka muka yarda, kuma ba laifin kowa ba ne, lissafin a ido daidai yake.

Amma a duba. Misali ka saro buhun shinkafa a Jega naira 60,000, ka auna da kwano ka tara 66,000, sai ka ce dubu shida ta shigo. To kuɗin mota fa, da na ɗan dako, da leda, da gyaran da kake ƙara wa kwastoma a saman kwano, da wanda aka ɗiba aka kai gida aka dafa ba a rubuta ba? Ga bashin da maƙwabta suka karɓa, wannan sai ya dawo hannu tukuna ake ƙirga shi. Babbar matsalar ma ita ce ka koma sari ka tarar buhun ya kai 65,000, kuɗi sun ƙaru a aljihu amma in ka cire waɗancan kashe-kashen, kayan da za su iya sayo maka sun ragu, uwar kuɗi ce ake ci a hankali.

Gwajin ba wuya. Farkon wata ƙirga kayan da ke shago, haɗe da buhunan da kuɗin hannunka za su iya sarowa, ka rubuta a littafi, duk abin da ya fita ko na cefane ne ka rubuta. Ƙarshen wata ka sake ƙirgawa, kuɗin hannunka kuma ka lissafa buhu nawa za su saro a farashin ranar. In adadin buhunan ya haura na farko, wannan ƙarin shi ne ribar.

Dan Allah a tura wa 'yan uwa masu shago da mata masu sana'a a cikin gida.