Tambayoyi da Amsoshi Kan Birnin Shimoda na Japan

A ina Shimoda yake, kuma yaya yanayin wurin yake?

Shimoda yana kusa da ƙarshen kudancin Izu, wani dogon yanki da ya kutsa cikin Tekun Pasifik a lardin Shizuoka, kudu maso yammacin Tokyo, kuma mazaunansa kimanin dubu 20 ne. Duwatsun Amagi sun tare shi ta arewa, har jirgin ƙasa bai iso garin ba sai a 1961. Sai dai Allah ya hore masa mashigar ruwa mai kariya, inda jiragen dakon kaya tsakanin Osaka da Edo, wato Tokyo ta yau, kan tsaya su jira iska ta yi musu daidai.

Me ya sa ƙaramin gari irin wannan ya shiga tarihin duniya?

Fiye da shekaru 200 gwamnatin Tokugawa, wato zuriyar shugabannin soja da ke mulkin Japan a lokacin, ta taƙaita hulɗa da baƙi ƙwarai. Da hafsan sojan ruwan Amurka Matthew Perry ya zo da jiragen yaƙinsa, aka ƙulla yarjejeniyar Kanagawa a 1854, wadda ta buɗe wa Amurkawa tashoshin Shimoda da Hakodate. A ganina zaɓen Shimoda hikima ce ta mutanen da aka matsa wa lamba, domin sun ba baƙin tasha mai kyau, amma wadda duwatsu suka raba da fadar mulki da ke Edo. A 1856 Townsend Harris, jakadan Amurka na farko da ya zauna a ƙasar, ya kafa ofishinsa a wurin ibadar Gyokusen-ji da ke Shimoda.

Amurka kaɗai ce ta amfana da shi?

A'a. A watan Fabrairun 1855 wakilin Rasha, Putyatin, ya sa hannu kan yarjejeniyar Shimoda, wadda ta shata iyakar ƙasashen biyu tsakanin tsibiran Etorofu da Urup, kuma har yau Japan na kafa hujja da ita a taƙaddamarta da Rasha kan tsibiran da ke kudu da wannan iyaka. An yi tattaunawar ce cikin juyayi, domin a watan Disambar 1854 girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa mai ƙarfi wadda ta rushe yawancin gidajen garin, ta kuma lalata jirgin Rashawa mai suna Diana, wanda daga baya ya nutse.

To, me ya hana garin bunƙasa?

Keɓantuwar da ta sa aka zaɓe shi ita ce ta dakushe shi. 'Yan kasuwa suna son kusanci da Edo, saboda haka da aka buɗe tashar Yokohama a 1859, harkar baƙi ta koma can. Yanzu Shimoda, wanda ya sami matsayin birni a 1971, ya dogara ne kan kamun kifi da masu yawon buɗe ido da ke zuwa gaɓar Shirahama, da kuma bikin tunawa da baƙaƙen jiragen Perry da ake yi kowane watan Mayu.