Awon sankarar mama ga mata masu ƙananan shekaru da ke cikin haɗari

Awon sankarar mama, wadda ake kira kansar nono ko dajin nono, shi ne a duba mace tun ba ta ji ciwon komai ba, domin a riski cutar tana ƙarama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da ita, 670,000 kuma suka rasu. Tsarin awon gama-gari yakan jira mace ta manyanta: a Faransa daga shekara 50 zuwa 74, a Amurka kuma daga 40 tun shawarar 2024. Sai dai akwai matan da wannan jiran bai dace da su ba.

Su wa ke cikin haɗari

Na farko su ne waɗanda cutar ta shiga gidansu: uwa, ƴar'uwa ko ɗiya, musamman idan ta kama su kafin shekara 50, ko ta kama nono biyu, ko kuma an samu sankarar ƙwan mahaifa a dangi. Sau da yawa tushen abin tawaya ce a ƙwayoyin gado BRCA1 da BRCA2, waɗanda aka gano a 1994 da 1995. Macen da ke ɗauke da ita, yiwuwar kamuwarta a tsawon rayuwa takan kai rabi ko ta zarce. Ana gadonta ta wajen uba kamar yadda ake gadonta ta wajen uwa, don haka ciwon da ya kashe goggo abin faɗa wa likita ne. Wani bincike da aka buga a 2018 kan matan Ibadan masu cutar ya samu wannan tawaya a jikin wajen ɗaya cikin goma.

Sai kuma wadda aka gasa wa ƙirji da hasken na'urar asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara tun tana yarinya, don maganin wata sankarar.

Yadda ake awon

Nonon mace mai ƙuruciya cike yake da tsoka, shi ya sa hoton mamogirafi, wato hoton rediyo na nono, kan kasa nuna ƙullutu a cikinsa. Tun 2007 ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta ba da shawarar a haɗa mamogirafi da hoton IRM, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, duk shekara, daga shekara 30, ga wadda haɗarin kamuwarta a tsawon rayuwa ya kai kashi 20 cikin 100. Masu tawayar BRCA kan fara IRM tun suna 25. Likitoci da dama kuma kan ce a fara awo shekara goma kafin shekarun da cutar ta bayyana ga ƴar'uwar da ta fi kamuwa da wuri. Hoto dai nuni ne kawai. Tabbaci sai an ɗebi ɗan tsoka da allura an kai ɗakin awo.

A Maradi

Wancan tsari na ƙasashen da na'urori suka wadata ne. A nan, abin da ya fi kusa da hannu shi ne ungozoma ko likita su laluba nono da hamata, sannan hoton eko, wanda ba ya cutar da mai ciki ko mai goyo. Wannan kuwa yana da muhimmanci, domin macen Maradi takan shafe ƙuruciyarta tsakanin ciki da shayarwa. Ta taɓa ƙullutu sai ta ce nono ne ya daskare, uwar miji ta ce a gasa da ruwan zafi, a shafa magani, a jira yaye. Gaskiya ne yawancin ƙullutun mai goyo ba sankara ba ne, shayarwa ma tana rage haɗari. Amma wanda ya wuce mako biyu bai saki ba, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, na asibiti ne, ko da ba ya zafi. Rashin zafin ma shi ya fi yaudarar mutane.

Kunya ita ce ɗaya matsalar. A gidaje da yawa ba a kiran sunan ciwon da ya kashe mace, sai a ce ta yi jinya, ƴaƴanta su tashi ba su san abin da suka gada ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirinta na 2021, ta sa burin a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Wadda ke bukatar gashin haske akan tura ta cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, inda aka fara wannan aiki a 2021.