Ɗan koyo da babban jirgin filafilai: amsar tambayoyin da suka ishe ni

Kusan kullum tambayoyin nan ake aiko mini, iri ɗaya. Ga amsarsu a wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Babban jirgi ya fi ƙarami aminci a teku, ko ba haka ba?

A hannun gwani, haka ne. A hannunka, tukuna. Robin Knox-Johnston da ya zagaye duniya shi kaɗai bai yada zango ko'ina ba, ya dawo Ingila a 1969, jirginsa Suhaili tsawonsa ƙafa 32 ne kacal.

To ina wahalar babban, ba iska ɗaya ke tura su ba?

Nauyi, malam. Mai ƙafa 30 bai cika wuce tan 5 ba, mai ƙafa 45 kuwa yakan haura tan 10, ga shi jirgi ba shi da birki. Ƙaramin in ya doshi bangon tasha sai ka sa ƙafa ka tokare. Gwada haka da babban, ƙafar ce za ta karye. Igiyar filafilinsa ma ba a riƙe ta da hannu kawai, in ta fizge sai ta saluɓe maka fatar tafi.

Dole sai na yi kwas?

Ka yi. Hukumar RYA ta Ingila, mai koyar da tuƙin jiragen ruwa, tana da kwas ɗin 'yan koyo, Competent Crew, na kwana 5, sai na gaba da shi, Day Skipper. Takwararta ASA ta Amurka tana da kwasa-kwasai masu lamba 101, 103 da 104. Takarda ba ta tuƙi, amma kamfanin inshora zai nemi ganinta. Kuma ka lura, kafin RYA ta yarda mutum ya shiga jarrabawar Yachtmaster Offshore, ta ƙwararrun matuƙa, sai ya yi mil 2,500 da kwana 50 a teku. Kai nawa ka yi?

Zan yi amai?

Za ka yi. Yawanci kwana biyu ko uku ya sake ka. Zauna a waje, ka zuba ido inda sama ta haɗu da ruwa.

Na riga na sayi mai ƙafa 45, daga ni sai maiɗakina, kwas ɗaya muka yi. Yaushe za mu ƙetare Atlantika?

Da ka tambaye ni kafin ka saya, amma aikin gama ya gama. Rana dai ba zan yanka maka ba, don ya danganta da ku biyun, da lafiyar jirgin, da yawan fitar da kuke yi.

Kwantar da hankalinka, hanyar ba dodo ba ce. Tun 1986 ake yin ARC, ayarin jiragen filafilai masu ƙetare Atlantika tare; a yanzu yana tashi daga Las Palmas da ke tsibiran Canary zuwa tsibirin Saint Lucia na yankin Karebiyan a ƙarshen Nuwamba, lokacin da kakar guguwa take ƙarewa. Mil 2,700 ne ko kusa da haka, iska tana turo ku ta baya, tafiyar mako uku. Inda gizo ke saƙar shi ne ku biyu ne. In ɗaya yana barci, ɗayan shi kaɗai ne da jirgin, awa uku kai awa uku ita, dare da rana. Ƙarfe ukun dare hadari ya taso, za ta iya rage filafili kafin ka gama sa takalmi? In kai ka faɗa ruwa, za ta iya juyo da jirgin ta ciro ka? Wannan ta biyun ita ce magidanta ba sa son ji, don yawancinsu sun kankane sitiyari sun bar matan da ɗaurin igiya.

Da ni ne, zan ɗauki ƙwararren kyaftin mako biyu a kan jirgin nawa, ba na makaranta ba. A yi ta shiga matsaya da fita har ya gundure mu, musamman da ribas, domin farfela tana jan bayan jirgi gefe guda, kuma kowane jirgi da halinsa. Daga nan tafiyar dare ɗaya, sai ta kwana uku ba a ganin ƙasa. Wasu kaka ɗaya ta ishe su, wasu uku ma da kyar. Ko kun ga kun ƙware, ku nemi mutum na uku da ya taɓa ƙetarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaushe ake rage filafili?

Da zarar tunanin ya zo maka. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take buga filafili da shi ya ninka huɗu. Kafin magariba kuwa ka rage ko ba ka ga dalili ba.

Ai da iska zan tafi, me ya haɗa ni da inji?

Da me za ka shiga tasha? Koyi canza matatar mai da fitar da iskar da ta shiga bututun mai, da hannunka, jirgi yana tangaɗi.

Wane kayan ceto zan saya?

Rigar ceto mai igiyar da za ka maƙala a jikin jirgi, rediyon VHF da ke kan tasha ta 16 (ta neman agaji), na'urar EPIRB mai aika kukan neman agaji ta tauraron ɗan'adam, da kwalekwalen roba. Shi kwalekwalen kada ka yi saurin faɗa masa. A tseren jiragen filafilai na Fastnet, tsakanin Ingila da Ireland, a 1979 guguwa ta ci ran 'yan tsere 15, aka watsar da jirage 24, daga baya aka tsinci 19 a cikinsu suna nan kan ruwa ba su nutse ba.