Gigin Tsufa: Yaya Za Mu Zauna da Tsohuwar da Ta Daina Gane Mu?

Wannan ba tsufa ba ne kawai?

A'a. Kowane tsoho yakan manta inda ya ajiye carbi. Amma wanda ya ɓata a unguwar da ya shekara hamsin a cikinta, ko ya gama cin tuwo ya ce an hana shi abinci, ciwo ne ke cin ƙwaƙwalwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 a duniya ke fama da wannan ciwo na gigin tsufa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana ne a 1906. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ma suna jawo shi. Ba maita ba ce, ba aljanu ba ne.

Kaka ba ta gane ni. Me zan ce mata?

Don Allah a daina "Kaka, kin gane ni? To, wane ne ni?" Jarrabawa ce da ba za ta ci ba, kuma kunyar tana taɓa ta. Ka durƙusa ta gabanta yadda za ta ga fuskarka, ka yi sallama, ka ce, "Kaka, jikanki ne, na zo gaishe ki." Magana ɗaya, sannan ka saurara, ko da amsar za ta daɗe.

Abin da ya faru ɗazu shi ke fara gushewa, na dā kuwa yana daɗewa. Shi ya sa wadda ta manta sunanka za ta ba ka labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, har da waƙar da ƙawaye suka yi. Ka bi ta can. Ka ja Fatiha, sau da yawa za ka ji bakinta ya kama. Ka miƙa mata tire ta tsince wake, hannu bai manta aikinsa ba.

Tana neman mahaifiyarta da ta rasu tuntuni. In gaya mata?

In ka ce "ai ta rasu," sabon makoki ka buɗe mata, gobe kuma ta sake tambaya. Ni dai na fi son a ce, "Kina kewar Inna ko? Wace miya ta fi iyawa?" Ba ka yi ƙarya ba, ita kuma ta samu abin da take nema.

Idan ta ce an sace mata kuɗi fa?

Kada a yi musu. A tashi a taya ta dubawa, galibi suna ƙulle a bakin zani. Rikicewa takan ƙaru dab da magariba, don haka a kunna fitila da wuri, a rage hayaniyar yara.

Yaushe za a je asibiti?

Tun farkon alamu, ko da yake har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Idan kuwa rikicewar ta tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu, a garzaya ranar, don zazzaɓi ko ciwon mafitsara na iya zama sanadi, kuma suna jin magani.