Buɗe gidan abinci a Kano

Gidan abinci wuri ne da ake dafa abinci a sayar, a ci a nan ko a tafi da shi. A Kano sunan ya haɗa rumfar langa-langa mai benci biyu da katafaren ɗaki mai na'urar sanyaya iska, don haka jarin da ake buƙata ya sha bamban ƙwarai.

Asali

Sana'ar ta daɗe a hannun mata. Matar da ke kulle takan dafa tuwo, dambu, alala ko ɗanwake a cikin gida, yara su fita talla. Jarinta kwanon hatsi ne da itace, sau da yawa daga kuɗin adashi, kuma ba ta biyan haya. A tashoshin mota da bakin kasuwa kuwa 'yan tuwo-tuwo ne ke ciyar da direbobi da fatake da 'yan ci-rani. Ana jin sana'ar ta ƙara faɗi bayan isowar jirgin ƙasa Kano wajen 1911 da kafuwar Sabon Gari, inda baƙi daga kudu suka zo da nasu girkin. Gidajen abinci na zamani masu rassa sun biyo baya. Ɗaya daga cikinsu, Mr Bigg's, ya fara ne a Legas a 1986.

Kuɗin farawa

Haya ce ke fara cinye jari, domin masu shago kan nemi kuɗin shekara guda gaba ɗaya, ga la'adar dillali. Sai tukwane, muciya, ludayi, kuloli, faranta, firiji, kujeru da butocin wanke hannu. Wuta da ruwa nauyi ne na kullum. Wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, ba ta da tabbas, dole a tanadi janareta ko sola, kuma man janareta ya yi tsada tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Inda famfo ba ya kawowa, sai rijiyar burtsatse ko 'yan ga-ruwa.

Abin da sababbin shiga suka fi yi wa sakaci shi ne kuɗin juyawa. Mai abinci da ya ƙarar da jarinsa a fenti da tayil zai wayi gari ba kuɗin cefane alhali kwastomomi ba su saba da wurin ba, ga albashin kuku da masu wanke-wanke. Masu ƙwarewa kan sari hatsi a Dawanau, kayan masarufi a kasuwar Singa, kayan miya a Yankaba, su kuma lissafa tashin farashin tumatir da damina da raguwar cinikin rana a watan azumi.

Rajista da izini

Ana yi wa sunan kasuwanci rajista a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci a kan ƙananan hukumomi, su ke ba da izini, duba-gari kuma su bincika tsabtar madafa da lafiyar ma'aikata. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna wadda aka kafa a 1993, ta fi shafar mai ƙulla zoɓo ko kunun aya a roba don sayarwa.