Awon man kaɗanya tsakanin lita da kilo

Man kaɗanya, wasu su ce man kaɗe, ana awonsa ne ta hanya biyu, ko dai da mazubi irin su cokali, kofi, roba da jarka, ko kuma a ɗora shi kan sikeli a ga nauyinsa. A kasuwannin ƙauye na jihohin Neja da Kwara da Kebbi, haka ma wajen Tamale a Gana, mata sun fi sayar da shi curi-curi ko a ƙwarya ko a roba, su kuma kamfanoni da masu fitar da shi waje ba ruwansu da roba, kilo kawai suka sani, to anan ne lissafin yake shigowa.

Ruwa lita 1 nauyinsa kilo 1 ne, amma man kaɗanya bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa ma yake tasowa sama lokacin da mata ke dafa shi suna kwashewa. Lita 1 ta narkakken mai tana kama wajen giram 910. Kenan in kana da lita sai ka ninka da 0.91 ka samu kilo, in kuma kilo ne a hannunka ka raba da 0.91, kilo 1 zai baka kusan lita 1.1. Ƙaramin cokali na awo mai mililita 5 giram 4.5 ne, babba mai 15 wajen giram 14, kofin awo mai 240 kuwa wajen giram 218. Bokitin fenti mai lita 4 zai ɗauki kilo 3.6 da ɗan wani abu, jarka mai lita 25 kuma ba za ta kai kilo 23 ba, duk da wasu na kiranta kilo 25 wajen ciniki.

Sai dai fa duk wannan lissafi na narkakken mai ne. Shi man kaɗanya sai zafi ya kai digiri 32 zuwa 45 a ma'aunin Celsius yake narkewa, da sanyin hunturu yana daskarewa ya yi tauri, in ka gutsuttsura ka zuba a kofi iska ce za ta cike tsakanin gutsattsarin, kofi ya cika a ido alhali nauyin bai kai ba. Wanda aka buga da na'ura don man shafawa ma ya fi ruɗi, yana kumbura sosai, roba ta cika fal amma ka ɗaga ka ji ba nauyi. Irin na Yuganda da Sudan ta Kudu ya fi na yammacin Afirka laushi, saboda haka ya fi kwanciya a mazubi.

Masu haɗa sabulu dai gaskiya sikeli ya kamace su, domin kilo 1 na man kaɗanya soda wajen giram 128 yake ci, in an auna da kofi aka samu ragi a man sai sodar ta yi yawa sabulun ya dinga cin fata. Masu bin tsarin haɗi na Amurka kuma su lura oza, wato awon da ake amfani da shi a can, iri biyu ce, ta nauyi giram 28.35, ta ruwa kuma mililita 29.6 wadda in man kaɗanya ne giram 27 za ta bayar.